Yadda Ake Zama a Yi wa Shekara Lissafi

Ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ba ya jiran zuciyarsa ta gaya masa ko shekara ta yi kyau. In lokacin zakka ya zo, ƙirga kaya yake yi, ya buɗe littafin bashi, ya duba ko dukiyar ta kai nisabi, sannan ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Rayuwar mutum ma tana son irin wannan zaman, amma yawancinmu da ka muke yi, alhali ƙwaƙwalwa ba ta da amana. Watanni biyun ƙarshe take riƙewa, sai kuma babban tashin hankali guda. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa bana bai tsinana komai ba, ga shi kuwa a cikinta ya aurar da ƙanwarsa, ya gama da tsohon bashi, ya koyi tuƙi.

Da farko a tsayar da shekarar da ake nufi, don uku gare mu. Akwai ta Bature, akwai ta Musulunci mai kwana 354 ko 355, akwai kuma ta manomi, daga kaka zuwa kaka. Kowacce ka ɗauka ta yi, kada dai ka gauraya su wajen tsayar da farkon shekarar da ƙarshenta.

Daga nan ka sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta, ka jera manyan lokutan shekarar, kowanne da shafinsa: azumi, Ƙaramar Sallah, Layya, Maulidi, ruwan farko, marka, girbi, shigowar hunturu. Bahaushe ba kasafai yake tuna abu da kwanan wata ba, sai dai ya ce bayan Layya da mako biyu, ko ana tsakiyar marka. Abubuwan da suka girgiza ƙasa ma suna taimakawa. Wanda zai lissafa 2023, alal misali, yana da wahalar takardun kuɗi ta farkon shekarar bayan canjin naira, da zaɓen 25 ga Fabrairu, da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, da juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli wanda ya jawo rufe iyaka. Tambayi mutumin Jibiya ko Maraɗi me yake ciki a makon da aka rufe iyakar, ba zai yi dogon tunani ba.

Sai neman shaida, kuma babbar mai shaida a yau ita ce waya. Bi hotuna daga farkon shekara a jere, ba tsallake. Ga ragon suna, ga katin gayyatar ɗaurin aure, ga gini yana iya gwiwa, can gaba ga shi ya kai linta. Bi alat ɗin banki, ka duba katin asibiti, da sakamakon jarrabawar yara, da lissafin adashi. Kowane abu ka rubuta shi a shafin lokacinsa, layi ɗaya ya isa. Ka kashe data kafin ka fara, in ba haka ba a kallon bidiyo zaman zai ƙare.

Abin da waya ba ta ajiye ba, mutanen gida sun ajiye, musamman iyaye mata. Ka ce, "Hajiya, yaushe ne ma aka kwantar da Baba?" Za ta ce maka, "Ai ana saura kwana uku a ɗauki azumi, ranar ma kawunka ya zo daga Funtuwa." A bakinta za ka ji barkar da ba ka je ba, da ta'aziyyar da ka yi ta waya alhali gidan ba nisa. Wannan shafin ba shi da daɗin rubutawa, kuma a ganina ya fi na kuɗi muhimmanci, don bashin zumunci ba a aiko maka da takardar tuni.

Wajen kuɗi ne aka fi ruɗin kai. Kada ka auna shekara da naira. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma a shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma, na abinci ma ya fi haka. Tambayar da za ka yi ita ce: abin da nake samu a wata kwano nawa na masara yake saye a farkon shekara, nawa yake saye yanzu? Amsar ce za ta nuna ko gaba aka yi ko baya.

Yanzu sai shafin da aka fi rainawa, na abin da mutum yake yi don sha'awa kawai. Wasu za su ce magidanci da nauyin iyali me ya haɗa shi da lissafin tattabaru. Ni kuwa na ce nan ne ake gane ko shekarar ta bar wa mutum sararin numfashi. Mai tattabaru ya san ƙwai biyu suke yi, su ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 18. Ya rubuta aure nawa ya fara da su, nawa suke yanzu, nawa muzuru ya cinye, nawa suka bi na maƙwabci. In ya tarar tun kafin damina rabonsa da share ɗakinsu, yara ne ma ke watsa musu dawa, to wani abu ya cinye yammacinsa, sai ya nemo ko mene ne. Haka mai ɗinkin hula, da mai buga ƙwallon safe, da mai dara a majalisa, da wadda ta saba karance littafin Hausa a mako amma yanzu ya yi ƙura a kan durowa. Rubuta ranar ƙarshe da ka yi abin, da abin da ya maye gurbinsa. Wani lokaci dalilin mai kyau ne, an yi haihuwa ko an sami ƙarin aiki. Sau da yawa dai waya ce. Ba dole ne a koma wa duk abin da aka bari ba, amma gara ka san ka bar shi da a ce suɓuce maka ya yi. Mai tilawa ko hadda shi nasa a fili yake: daga izu nawa zuwa izu nawa.

Akwai canje-canjen da ba su da rana: tabarau da ka fara nema kafin ka karanta saƙo, gwiwa da ta fara ƙorafi a sujada, yaron da ya daina bin ka kasuwa. Su ma a ba su layi. Waɗanda suka rasu a shekarar a jera sunayensu, a yi musu addu'a, a duba ko akwai marayun da suka bari da ya kamata a leƙa.

Kada ka rufe littafin da alkawura goma. Zaɓi biyu, ka sa wa kowanne lokaci, misali kafin azumi ko bayan girbi. Sannan ka buɗe sabon shafi, ka rubuta kwanan watan yau, da kuɗin kwanon masara da na shinkafa, da litar fetur, da kuɗin mota zuwa garinku, da awon jininka in kana aunawa. Ajiye shi inda kake ajiye takardun fili, inda gara da yara ba sa kaiwa.