Tsarkin Allah: Dalilin Sujadarmu a Ranar Daɗi da Ranar Kuka

Karatun wannan mako: Ishaya 6:1-8, Zabura 99, Littafin Firistoci 19
Ayar haddacewa: 1 Bitrus 1:15-16

Darasinmu na wannan mako yana da tambaya ɗaya: don me muke yi wa Allah sujada? Da yawa daga cikinmu za su ce, domin ya ba mu lafiya, ya ciyar da mu, ya kuma tsare 'ya'yanmu. Wannan amsa gaskiya ce, godiya kuwa wajibi ce a kanmu. To, amma a ranar da lafiya ta tafi, kasuwa ta ƙone, aka binne ɗa, da wane dalili za ka buɗe baki ka yabe shi?

Ga 'yan'uwanmu da ke Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wannan tambaya ba ta takarda ba ce. Unguwar da ake kira Kilomita Biyar, ko PK5, ita ce cibiyar ciniki ta birnin, inda Hausawa da Fulani da sauran kabilu suka daɗe suna saye da sayarwa tare da maƙwabtansu Kirista. A watan Maris na 2013 mayaƙan Seleka suka kama birnin. A ranar 5 ga Disamba na wannan shekara mayaƙan Anti-balaka suka kawo hari, kashe-kashe suka barke a unguwanni. Musulmi masu yawa suka gudu zuwa Chadi da Kamaru, aka rushe masallatai da dama, waɗanda suka rage kuwa suka takure a cikin Kilomita Biyar. A gefen unguwar akwai majami'ar Katolika ta Fatima. An kai mata hari a ranar 28 ga Mayu 2014, lokacin da 'yan gudun hijira suke fake a harabarta. An sāke kai mata hari a ranar 1 ga Mayu 2018 ana tsakiyar sujada, aka kashe masu ibada da yawa, har da limamin Kirista Albert Toungoumale-Baba. Mai bi da ya ga irin waɗannan kwanaki yana bukatar dalilin sujada wanda harsashi ba zai iya fasawa ba. Littafi Mai Tsarki ya ba mu shi: Allah mai tsarki ne.

Mene ne ma'anar tsarki?

An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, kalmar da aka fassara mana da "mai tsarki" kuwa ita ce kadosh. Tana nufin abin da aka keɓe, wanda ya bambanta da sauran abubuwa. Idan aka yi amfani da ita ga Allah, tana koya mana abu biyu. Na fari, ba shi da kama, ba shi da na biyu. Shi ne Mahalicci, kome da kowa halitta ne. Na biyu, babu aibi a cikinsa ko kaɗan: ba ya ƙarya, ba ya zalunci, ba ya karɓar hanci, ba ya tara. Arzikinka yana iya ƙaruwa ko raguwa, gwamnati tana iya hawa ko sauka, amma waɗannan abubuwa biyu ba sa motsi. Shi ya sa sujadar da aka gina a kansu take daɗewa.

Ishaya ya gani a shekarar tsoro

Ka lura da lokacin da annabi Ishaya ya ga wahayinsa. A shekarar da Sarki Uzziya ya rasu ne, wanda ake kuma kira Azariya, wajen shekara 740 kafin haihuwar Almasihu. Uzziya ya yi shekara 52 a kan gadon sarautar Yahuza, ƙasa ta yi ƙarfi a zamaninsa. Amma girmankai ya ɗebe shi ya shiga Haikali don ya ƙona turare, aikin da aka keɓe wa firistoci kaɗai, sai kuturta ta kama shi har ranar mutuwarsa. Za ka sami labarin a 2 Tarihi sura 26. A wannan lokaci kuma daular Assuriya tana faɗaɗa a ƙarƙashin Tiglat-filesar, ƙananan ƙasashe suna rawar jiki. Sarki ya mutu, abokin gāba yana matsowa. A cikin wannan hali ne Ishaya ya ga Ubangiji a kan kursiyinsa.

Me talikan sama suke yi a wurin? Serafim, kowanne da fikafikai shida, sun rufe fuskokinsu da ƙafafunsu, suna kiran juna suna shelar tsarkin Ubangiji har sau uku. A Ibrananci idan ana so a ƙarfafa magana sai a maimaita ta. A nan an maimaita sau uku, wato tsarkin da ba shi da iyaka. Ka kuma lura cewa ba a jira Assuriya ta janye kafin a yi wannan yabo ba. Bayan shekara ɗari takwas ko kusa da haka, manzo Yohanna yana tsare a tsibirin Fatmos saboda shaidar Yesu, ya ji rayayyun talikai huɗu suna wannan shela dare da rana, kamar yadda yake a Wahayi 4:8. Annabi a ƙasar da ta rasa sarkinta, manzo a wurin da aka kore shi, dukansu sun ji yabo iri ɗaya. Ɗan'uwa, sujadar da kake yi a ƙaramar majami'arka, ko a ɗakinka lokacin da ba a iya fita, shiga ce cikin wannan yabo da bai taɓa tsayawa ba.

Allah mai tsarki ba ya shiga rundunar kowa

Ga wani darasi mai nauyi. A rikicin Bangui, kamar a wurare da yawa da muka sani a ƙasashenmu, an ɗauki makami ana ambaton addini. Wani ya kashe yana cewa yana kāre Musulmi, wani ya kashe yana cewa yana kāre Kirista. Ka buɗe Joshuwa 5:13-15. Joshuwa yana kusa da Yariko sai ya ga wani mutum tsaye da takobi a zare. Ya tambaye shi ko yana tare da Isra'ila ne ko tare da abokan gābansu. Mutumin bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya bayyana kansa a matsayin shugaban rundunar Ubangiji, ya umarci Joshuwa ya tuɓe takalmansa domin wurin mai tsarki ne. Joshuwa ya zo da tambayar ɓangare, ya ƙare da fuskarsa a ƙasa.

Wanda ya gane tsarkin Allah ba zai mai da sunansa tutar kabilarsa ba. Doka ta uku ta hana a ɗauki sunan Ubangiji a banza, kuma babu banzar da ta fi a kira sunansa a kan jinin maƙwabci. A cikin waɗannan shekaru masu wuya, shugabanni uku a Bangui suka tsaya tare suna faɗa wa jama'arsu cewa wannan kisa ba na Allah ba ne: Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou na Ƙawancen Ikkilisiyoyin Bishara, Akbishop Dieudonné Nzapalainga na Katolika, da Imam Oumar Kobine Layama. Da ran limamin ya shiga haɗari, akbishop ya saukar da shi a gidansa na tsawon watanni. A ranar 30 ga Nuwamba 2015 kuma Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar ya ziyarci babban masallacin unguwar, a lokacin da mutane da yawa suke tsoron taka wurin. Bangaskiyarsu ta bambanta, ba su kuwa ɓoye wannan ba, amma sun ƙi yarda a ɓata sunan Allah da jini.

Tsarki yana fara bincike daga kaina

Da Ishaya ya ga Ubangiji, bai fara da lissafin laifin Assuriya ba. A sura ta biyar ya yi ta furta kaito a kan masu haɗama da mashaya da masu karkatar da shari'a. A sura ta shida sai ya furta kaito a kan kansa, ya ce leɓunansa ba su da tsabta, haka ma na jama'arsa. Siman Bitrus ma haka ya yi a cikin jirgi a Luka 5:8, da ya gane wanda yake tsaye a gabansa. Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A gaban Allah mai tsarki mutum yakan dubi tudun da yake tsaye a kai.

Ka yi tunani a kan leɓunanka. Jita-jita nawa ka yaɗa a kan maƙwabta ba tare da ka tabbatar ba? Sau nawa ka ji an zagi wata kabila gaba ɗaya ka yi dariya? Sau da yawa wutar da ke cin unguwa daga baki take tashi. Yakubu 3:9-10 ya gargaɗe mu cewa bai kamata bakin da ke yabon Allah ya la'anci mutumin da aka yi cikin kamannin Allah ba.

Amma labarin bai tsaya a kan kaito ba. Ɗaya daga cikin serafim ya ɗauko garwashi daga bagade ya taɓa bakin annabin, aka kuma sanar da shi cewa an kawar da laifinsa. Tsarkakewar daga bagade ta fito, wurin hadaya. Wannan yana nuna mana gicciye, inda Yesu, Mai Tsarki na Allah, ya ba da kansa dominmu. Saboda jininsa ne Ibraniyawa 10:19-22 take kiranmu mu matso ba da fargaba ba. Allahn da tsarkinsa ya tona asirinmu, shi ne da kansa ya tanada abin da zai wanke mu. Wannan kaɗai ya isa dalilin yabo har abada.

Tsarki a kasuwa

Kada ka ɗauka tsarki na ranar Lahadi ne kawai. Littafin Firistoci sura 19 ta fara da kiran jama'a su zama masu tsarki domin Allahnsu mai tsarki ne, sa'an nan ta sauko cikin gona da kasuwa. A bar wa matalauci da baƙo kalar gona. Kada hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka. Kada ka yi yawo da tsegumi. Kada ka ɗauki fansa ko ka riƙe mutum a zuci. Ka ƙaunaci baƙon da ke zaune tare da kai kamar kanka. Ma'auninka da mudunka su zama na gaskiya. Ɗan kasuwa a Kilomita Biyar, ko a Sabon Gari ta Kano, ko a babbar kasuwar Maraɗi, zai gane wannan sura sarai. Idan ka raira waƙar tsarki da safe, da rana kuma ka buga gindin mudu don ka rage awo, wace sujada ce Allah zai karɓa? 'Yar'uwa, yadda kike biyan yarinyar da ke taya ki aiki, da yadda kike gaida maƙwabciyar da ba addininku ɗaya ba, suna cikin sujadarki.

Zabura 99 ta haɗa dukan wannan. Sau uku tana ambaton tsarkin Ubangiji, tana kiran mutane su ɗaukaka shi su yi sujada. A tsakiyarta ta nuna shi Sarki ne mai son gaskiya, mai gafartawa, wanda kuma yake hukunta mugun aiki. Saboda haka wanda aka kashe masa ɗan'uwa ba ya bukatar ɗaukar adda. Yana da Alƙali wanda ba ya mantuwa, ba a kuma saye shi. Ya nemi hakkinsa ta hanyar shari'a, ya bar ramuwa a hannun Ubangiji kamar yadda Romawa 12:19 ta koya. Hakan yana da wuya ƙwarai, sai da taimakon Ruhu Mai Tsarki.

Tambayoyi don bimbini

1. Idan aka ɗauke abubuwan da ka saba gode wa Allah dominsu, wane dalili ne zai rage maka na yi masa sujada?
2. Wace magana ce ta fito daga bakinka a wannan mako wadda take bukatar garwashin bagade?
3. Karanta Littafin Firistoci 19:9-18 da 33-36. Wane umarni ɗaya za ka aikata kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Uba mai tsarki, babu wani kamarka. Muna yabonka saboda abin da ka ba mu, muna kuma yabonka domin kai ne kai. Ka tsarkake leɓunanmu da jinin Ɗanka. Ka ta'azantar da dukan waɗanda suka yi rashi a Bangui, Kirista da Musulmi, ka ba ƙasar salama mai ɗorewa. Ka hana mu ɓata sunanka da ƙiyayya, ka sa awonmu da maganarmu su zama na gaskiya. Kamar yadda ka aiki Ishaya bayan ka wanke shi, ka aike mu ga maƙwabtanmu. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.