Darasi na 17: Gawo da Kututture a Gona

Bazara ta kusa. Kowane maigida a Achika ya wasa gatarinsa, yana shirin sassabe. To, kafin ku sa gatari a jikin ko itace ɗaya, ku zauna mu karanta wannan darasi.

Akwai ilmin da ke cikin littafi, shi muke koyo a wannan aji. Akwai kuma ilmin da ke cikin kan dattawa, wanda ba a rubuta ba. Manomin da bai iya rubuta sunansa ba ya san ƙasar jigawa, ya san ta fadama, ya san itacen da shuka ke so da wanda take gudu. Kada wanda ya iya karatu ya raina wannan. Ni da na yi makarantar horon malamai, a bakin wani tsoho na fara jin amfanin gawo.

Ku dubi gawo. Halinsa dabam yake da na sauran itatuwa. Da damina kowane itace yana yin ganye, shi kuwa sai ya zubar da nasa, ya tsaya kamar matacce. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar. Wannan hali shi ne arzikin manomi. Ganyen da ya zubar yakan ruɓe ya zama taki. Tun da ba shi da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma shanu da tumaki sukan kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Saiwarsa tana nitsawa can ƙasa, ba ta ƙwace wa shuka ruwa. Masana sun bincika, sun ga gawo dangin wake da gyaɗa ne, watau saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da zangarniya. Ba haka tsamiya take ba. Inuwarta tana hana shuka tashi, domin haka wurinta bakin gona ne.

Mutanen da sun san wannan. An ce a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo a ƙasarsa, ya sa hukunci mai tsanani. A nan ƙasar Kano ma, wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya zo Zariya a 1962, daga baya ya koyar a Jami'ar Bayero, ya daɗe yana binciken gonakin karkara. Ya ga duk da yawan jama'a, da yawan icen da birni ke ci, manoma ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba. Dalili kuwa, kowace kuka da kowace ɗorawa tana da mai ita. Yakan sari reshe, ba ya kā da uwar.

Yanzu mu leƙa arewa da mu, ƙasar Maraɗi a Nijar, mu ga abin da ke faruwa idan an bar wannan hali. A can an share gonaki ƙaf, ana ganin gona mai itace gonar rago ce. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi. Aka yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara. Ashe ba ciyawa ba ne, tohon kututture ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma kaɗan suka yarda suka bar su, maƙwabta suna yi musu dariya. Bayan farin 1984 sai abin ya yaɗu, manomi yana koya wa manomi. Suka sa masa suna sassaben zamani. A 2009 masana suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5. Wannan fili ya fi Jihar Kano sau biyu.

Ga yadda ake yi. Ka zaga gonarka, ka nemi kututturen gawo, ko kalgo, ko sabara, wanda ya yi toho. Ka zaɓi toho uku zuwa biyar, miƙaƙƙu masu ƙarfi, ka bar su. Sauran ka yanke da wuƙa mai kaifi. Ka sare ƙananan rassan ƙasa, ka bar na sama. Baɗi ka koma ka sake gyarawa. Abin da ka yanke icen girki ne, ka kai gida. Ba sayen iri, ba ban ruwa.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Akuya tana son toho, sai an kewaye shi da ƙaya. Mai garmar shanu zai ce yana tare masa kunya. Mafi ciwo, ka yi shekara uku kana reno, wani ya zo da dare ya sare. Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai ku kai maganar gaban mai unguwa da dagaci, a kira makiyaya da masu yin ice, a yarda cewa itacen gona na mai gona ne.

Tambayoyi

1. Yaushe gawo ke zubar da ganyensa?
2. Me ya sa ba a son tsamiya a tsakiyar gona?
3. Toho nawa ake bari a kan kututture?

Aiki: Kowa ya ƙirga kututturan gonarsa masu toho, ya rubuta adadin a takarda. Ya kuma tambayi wani dattijo sunan itace ɗaya da yake da yawa a Achika dā, yanzu ya yi wuya. Ku zo da amsa ranar aji mai zuwa.