Gas ɗin mota: shawarwari ga magidantan Jazira da Nil Azraƙ

Wahalar mai a ƙauyukanmu ta girmi yaƙin nan. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle daga Sudan a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen man ƙasa. A watan Yuni na 2021 gwamnati ta janye tallafin fetur da dizal, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya durƙusar da matatar Jaili da ke arewacin Khartoum. Mai raksha (keke mai ƙafa uku) a Maiwurno da mai boksi (a-kori-kura) da ke kai kayan lambu kasuwar Sinnar ko Wad Madani sun san yadda galan ɗaya ke cinye ribar yini.

Shi ya sa kunnuwa suka karkata ga labarin da 'yan'uwa ke aikowa daga Kano da Alƙahira, na motocin da ke tafiya da matsattsiyar iskar gas, wadda ake kira CNG. Labarin gaskiya ne. Masar ta fara mayar da tasi-tasinta kan gas tun shekarun 1990, Najeriya kuma ta ɗauki abin gadan-gadan bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Ina fatan ya iso mu, domin ya fi fetur araha a inda ake samunsa, hayaƙinsa kuma bai kai na fetur ba. Abin da nake tsoro shi ne gaggawa, a gidajen da yaƙi ya riga ya yashe.

1. Ku raba shi da gas ɗin girki. Wannan ce shawarar da ta fi sauran nauyi. Abin da ke cikin anbuba, wato tukunyar gas ɗin girki, ruwa ne da ke zama iska idan an buɗe, matsinsa bai cika wuce bar 15 ba ko da rana ta take. Gas ɗin mota kuwa ana danna shi a tukunya har bar 200, kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Anbubar girki ba za ta jure wannan ba, tarwatsewa za ta yi. Haka nan idan wani makanike ya ce zai ɗaure muku anbubar girki a bayan raksha, ya haɗa ta da inji ta tiyon roba, ku gode masa ku tashi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba sai ya kwanta ƙarƙashin kujerar fasinja yana jiran tartsatsi. Akwai ƙasashen da motoci ke amfani da irinsa, kamar Turkiyya, amma da tankin da aka ƙera domin mota. Ga kuma hakkin uwargida: duk anbubar da ta koma raksha, murhu aka raba da ita, mata su koma gawayi, a ci gaba da sare bagaruwar bakin kogi.

2. Ku ga tashar cikawa da idonku kafin ku sayi kayan. Ba a sayar da wannan gas a jarka, ba a kuma cika shi a gida. Sai tasha mai injin matsawa da wuta tsayayya, wadda bututu ko manyan tireloli ke kawo mata gas. Tukunya mai lita 60, irin wadda ake sa wa ƙaramar mota, aikinta bai wuce na lita 13 zuwa 15 na fetur ba, wato ba za ta kai ku daga Madani zuwa Damazin ba. Saboda haka tambayar farko ita ce, ina tashar take a kan hanyar da nake bi kullum? Alkawarin cewa za a buɗe nan gaba ba ya tayar da mota. Pakistan ta ga wannan: miliyoyin motoci sun koma gas, daga baya gas ɗin ya yi ƙaranci, aka riƙa rufe tashoshi kwanaki a kowane mako, direbobi suna kwana a layi.

3. Ku yi lissafi tare da iyali. Ku rubuta abin da motar ke ci na mai a mako, na tsawon wata ɗaya ko biyu, sannan ku duba watanni nawa rarar za ta ɗauka kafin ta biya kuɗin gyaran. Wanda ke bin hanya daga safe zuwa magariba ne ke cin riba. Motar da ba ta fita sai ranar kasuwa ko suna ba za ta mayar da kuɗin ba. Kada a sayar da saniyar tatsa, ko irin shuka, ko zinaren uwargida saboda wannan, kada kuma a taɓa kuɗin adashinta ba da yardarta ba.

4. Masu dizal kada su sa rai da yawa. Tarakta, injin ban ruwa, lori da injin niƙa, yawancinsu dizal suke sha, kuma a nan kuɗin manomi ke tafiya. Injin dizal ba shi da filogi, gas kuwa sai da tartsatsi yake kamawa. Ana iya yi masa gyaran da zai haɗa biyun, amma da tsada, kuma ba zai daina shan dizal ba. Mai lambu a bakin kogi gara ya tara kuɗinsa ya nufi famfo mai aiki da hasken rana.

5. Ranar da abin ya iso, tukunyar za ku fara dubawa. Ta ainihi ƙarfe ɗaya ce, ba ta da ɗinkin walda ko kaɗan. A wuyanta an buga sunan kamfani, da shekarar ƙira, da matsin da take ɗauka, da lokacin da wa'adinta zai ƙare, yawanci shekara 15 zuwa 20. A tsakanin haka ana kai ta gwaji duk bayan 'yan shekaru. Idan an goge rubutun, ko an yi mata sabon fenti don ɓoye tsatsa, ko mai sayarwa ba shi da takarda, ku bar masa kayansa. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe ana cika ta a birnin Benin na Najeriya, mutane suka jikkata, aka gano tukunyar haɗin walda ce. Arahar irin wannan kayan ba ta ado, kuma kasuwar bayan yaƙi ta fi kowace kasuwa tara tsofaffin kaya marasa asali.

6. Ku tuna da nauyi da damina. Tukunyar ƙarfe mai lita 60 ta haura kilo 50, tana kuma cin wurin kaya. Laka ta Jazira kowa ya san halinta idan ruwa ya sauka. Tukunyar da aka ɗaura ƙarƙashin boksi za ta sha taɓo da gugar gadar magudana, don haka a ɗaure ta da maɗaurin ƙarfe mai roba a ciki, a riƙa wanke ta ana duba tsatsa.

7. Kada ku cire tankin fetur. Yawancin motocin da aka juya zuwa gas, da fetur suke tashi, sai inji ya ɗumama su koma gas. Ku bar aƙalla rubu'in tanki kullum. Ƙarfin mota zai ɗan ragu da lodi, filogi da bawul kuma za su nemi kulawa fiye da da.

8. Kowa a gida ya san abin yi idan an ji wari, har yara. A kashe inji, a sauke mutane, a rufe bawul ɗin kan tukunya, a buɗe ƙofofi. Ban da ashana, ban da taba, ban da kusantar murhun shayi. Gas ɗin mota ya fi iska sauƙi, sama yake tashi, saboda haka a ajiye motar a fili ko rumfa mai iska, kada a kulle ta a ɗaki. Ana neman wurin yoyo da ruwan sabulu, inda kumfa ta taso nan ne. Wajen cikawa kuma fasinja kowa ya sauka.

9. Kafin nan, ku tattala man da ke hannu. Taya mai ƙarancin iska da matatar iska da ƙura ta toshe suna ƙara shan mai, gyaransu kuwa ba ya cin kuɗi. Maƙwabta su haɗa kayansu a mota ɗaya ranar kasuwa maimakon kowa ya fita da rabin lodi. Jarkar fetur da aka saya don ajiya kada ta kwana a ɗakin barci ko kusa da madafa. A nema mata inuwa a bayan gida, a rufe bakinta da kyau, inda hannun yara ba ya kaiwa.