Darasin Keke: Wanne Za Ka Gyara Da Hannunka, Wanne Za Ka Bar Wa Mai Gyara?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Mu 'yan Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja mun ga abin da idonmu lokacin hutu: mashin a jingine a zaure an lulluɓe shi da buhu, tsohon Raleigh ko Phoenix na Baba kuwa, wanda kaji suka mayar wurin kwana, an fito da shi an karkaɗe. A nan makaranta ma ka duba gindin bishiyoyin gaban azuzuwa ka ƙirga kekuna.

To amma keke ɗan lallaɓa ne. Ɗalibin da kuɗinsa na wata bai kai ya kawo ba, kullum yana tsakanin abu biyu: ya kai wa mai gyara ya rage kuɗin abinci, ko ya taɓa da kansa ya ɓata. Na yi duka biyun, na kuma sha wuya a duka biyun.

Mu fara da faci, don shi ne ke tsayar da mutum a hanya. A yankinmu wannan ya wuce maganar kuɗi. Wanda gonarsu ke wajen Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume ya san ba a so magariba ta riski mutum a daji yana tura keke. Mai faci yana gari, ƙaya da tsidau kuwa suna hanyar gona. Saboda haka faci ba zaɓi ba ne, dole kowane mai keke ya iya.

Ka cire tiyub, ka ɗan buga masa iska, ka nemo hujin. In akwai ruwa ka tsoma ka ga inda kumfa ke fita. In babu, ka kara shi kusa da leɓenka, za ka ji iskar. Ka goge wurin da sanfefa har ya daina sheƙi, faɗin gogen ya fi faɗin facin. Sannan ka shafa sholisho kaɗan, shafe ɗaya siriri. A nan ne kusan kowa ke faɗuwa jarrabawa. Ni da na fara, ina shafawa nake liƙawa, in yi tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba tayar ta sake kwanciya. Wani dattijo mai gyara a garinmu ya kalli aikina ya yi dariya, ya ce, "Ɗan boko, sholisho ba ya son gaggawa. Bar shi ya sha iska." Gaskiyarsa. Ruwan da ke cikinsa sai ya bushe kafin robar ta kama roba. Ka jira kamar minti biyar, sai ya daina ƙyalli, sannan ka ɗora facin ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. (Sholishon nan dai aikinsa ke nan. Masu shaƙarsa kuma Allah ya shirye su.)

Kafin ka mayar da tiyub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali. Sau da yawa ƙayar na nan a maƙale tana jiran ka gama wahala ta sake huda maka. Ka kuma karanta hujin. Huji ɗaya ta waje, ƙaya ce ko ƙusa. Huji ta ciki, wajen rim, kan sifok ne ya leƙo, wato robar da ke rufe kawunan wayoyin ta yage. Huji biyu a jere kamar saran maciji kuwa laifinka ne: iska ta yi kaɗan, ka ɗora buhun taki mai kilo 50 a kariya, ka faɗa rami, rim ya matse tiyub. Maganin wannan famfo ne. In kuma iska na sauka a hankali ba ka ga huji ba, ka tofa yawu a bakin bawul. Kekunan gargajiya irin Phoenix da Hero galibi bawul ɗinsu na da 'yar roba siririya a ciki, ita ce ke tsagewa, kuɗinta kuwa bai kai na ƙosai ba.

Na biyu kaca. Mun saba a je wajen mai gyaran mashin a roƙi baƙin mai a tsiyaya mata. Ya fi babu, amma ka san abin da kake yi: baƙin mai ya riga ya ɗauko garin ƙarfe daga inji, in ya haɗu da ƙurar hunturu ko jar lakar damina sai ya koma kamar sanfefa mai ruwa, yana cin kacar yana cin haƙoran. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe, ka ɗiga sabon mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka goge na waje da tsumma. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira.

'Yan sashen injiniya, ga awo. Tsakanin fil da fil na kaca rabin inci ne. Saboda haka tazara 24 a sabuwar kaca inci 12 ne cif, wato kusan santimita 30.5. Ari tef ɗin tela ka auna. In ta ƙaru da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta kai milimita uku, ta riga ta fara cinye haƙoran baya, kuma sabuwar kaca za ta riƙa tsalle a kansu. Masu keke mai giya su suka fi bukatar wannan awo. Keken gona mai gudu ɗaya ya fi haƙuri.

Birki kuma ka riƙa duba robarsa da idonka. In ta cinye har ƙarfe ya kusa fitowa, canza ta, aikin sifana ɗaya ne. Kada mai ya taɓa rim ko robar. Ka kuma sani cewa rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya kamawa da wuri, don haka ran da aka yi ruwa ka fara matsawa tun daga nesa. 'Yan'uwa mata, ko ba ku hawa, ƙannenku na hawa zuwa Islamiyya da aike. Matsa birkin ku ga ko yana tsayar da taya, ba sai an iya keke ba.

Iyakar abin da nake ba ɗalibi shawara ya yi shi kaɗai ke nan, sai ɗaure noti da daidaita sirdi. Daga nan kuma sai a yi hattara.

Akwai ranar da na ce zan canza feda da kaina. Ta dama ta kwance lafiya. Ta hagu ta ƙi. Na sa ƙarfi, na ƙara wa sifana tsawo da bututu, na taka da ƙafa. Ashe ɗaure ta nake yi. Fedar hagu zarenta a juye yake, an yi shi haka don kada ta kwance da kanta in ana tuƙi. Na lalata zaren hannun fedar, abin da zan biya kuɗin aiki kaɗan ya koma sayen ƙarfe sukutum. Yaron shagon da bai gama firamare ba ya san wannan, ni mai karatun difloma ban sani ba.

Miƙe rim ma haka. Kana ganin mai gyara na murɗa sifok nan kaɗan, can kaɗan, ka ɗauka wasa ne. Ƙafar keke galibi wayoyi 36 ne suke jan juna, rabi ta dama rabi ta hagu. Ka matsa ɗaya, ka taɓa na kusa da shi duka. Wanda bai iya ba zai kori karkata ta gefe ya haifar da tudu, ƙafa ta koma kamar ƙwai. Shi mai gyara da yatsa yake jin taurin waya, wani ma da kunne, kuma shekaru ne suka koya masa. Bidiyon YouTube zai nuna maka yadda ake yi, amma keken da ke cikin bidiyon ba shi ne ya yi shekara ashirin yana dakon masara da auduga zuwa kasuwar Funtuwa ba.

Boris na cikin hob da na gindin feda, shi ma bar masa, aƙalla har ka kalla sau biyu uku. Yana bukatar sifana siririya da ba ka da ita, kuma ɗaurinsa na da ƙa'ida: ya yi tauri ya cinye kofin, ya yi sako-sako ƙafa ta riƙa rawa. Kotafin da ke riƙe hannun feda a tsofaffin kekuna da guduma ake zaunar da shi, notin riƙo kawai yake yi. Ka ce da noti za ka jawo shi, zaren ya tsinke. Firam ko fok da ya tsage kuwa, sauka ka tura. Fok in ya karye kana gangara, fuska ce ke fara isa ƙasa.

Sai dai kai wa mai gyara ba yana nufin ka ajiye keke ka tafi shan shayi ba. Na taɓa biyan kuɗin sabon boris da giris a wani shago, bayan sati biyu ƙafar baya ta fara ƙara. Da aka buɗe a wani wuri, tsofaffin ne aka wanke aka mayar, giris ɗin kuma ko na shafa wa ido bai kai ba. Ban ce duk haka suke ba, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halal, kuma wani zai yi maka aiki bashi don ya san mahaifinka. Amma tun ranar nake zama a kan benci har a gama. Ku yi ciniki kafin a kwance komai. Ka ce a ba ka tsohon kayan da aka cire. In za a zuba boris ka ƙirga tare da shi: hob na baya galibi ƙwaya tara ne kowane gefe, masu kaurin rubu'in inci, na gaba kuma ƙanana ne, galibi goma goma. Mai gyaran kirki ba ya jin haushin tambaya, sau da yawa ma daɗi yake ji ɗan makaranta ya zauna yana koyo a wurinsa. In kana neman wanda za ka amince wa, duba inda manoma da masu dakon kaya ke kai nasu. Su keke abincinsu ne, ba sa komawa wurin wanda ya cuce su. Ka kuma guji ranar kasuwa in aikin babba ne, don ranar layi ya yi yawa, yaran shago ake bar wa rabin aikin.

Wajen sayen taya akwai tarkon da ke kama har wasu masu shago. Lambar 28 iri biyu ce. Tayar keken gargajiya 28 x 1½ ce, faɗin bakinta milimita 635. Kekunan gwanjo da ake kawowa daga Turai kuwa da yawansu an rubuta 28 ko 700C, amma nasu milimita 622 ne. Ba sa shiga rim ɗin juna ko za ka kwana kana turawa. Mai giya na hawan tudu mai lamba 26 shi kuma galibi 559 ne. Ka duba gefen tsohuwar tayarka, za ka ga lamba kamar 40-635 ko 37-622. Ta bayan ita ce za ka rubuta a waya ka tafi da ita kasuwa, ko ka ɗauki tsohuwar tayar gaba ɗaya.

Kafin hutun nan, ka haɗa 'yar jaka ka ɗaure a ƙarƙashin sirdi: famfon hannu wanda ya dace da bawul ɗinka, sholisho da faci, guntun sanfefa, robar bawul biyu, sifana mai lamba 15 don notin ƙafa da feda, ƙarama mai lamba 10, da cokula biyu da aka daddale bakinsu don ɓanɓare taya. Sukundireba na huda tiyub, kar ka sa shi. Ka gwada faci ɗaya a tsakar gida da tsohon tiyub, ka buga masa iska ka bar shi ya kwana. In ka tashi da safe yana nan da iskarsa, ka iya fita gona.