Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Maganin Ba'amurke Ke Rataye da Aikinsa?

Tambaya: Wata malamar makaranta daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Ƙanena da ke zaune a Amurka ya ce tun da aka sallame shi daga aiki, abin da ke hana shi barci shi ne tsoron kada ɗaya daga cikin yaransa ya kwanta ciwo. Ta yaya ƙasa mai arziki haka za ta haɗa maganin mutum da aikinsa? Me ya hana su yin asibiti kyauta irin na Ingila? Kuma a kan me 'yan siyasarsu ke ta sa-in-sa?"

Amsa: Malama, mun gode da wannan tambaya, Allah ya musanya wa ƙanin naki da aikin da ya fi alheri. Fargabarsa tana da dalili. Sama da mutum miliyan 150 a Amurka, wato kusan rabin al'ummar ƙasar, ta wurin aikinsu ko na wani a gidansu suke samun inshorar lafiya. A 2024 inshorar iyali guda ta haura dala 25,000 a shekara. Kamfani ne ke biyan kaso mafi tsoka, a yanki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin inshorar daga albashin ma'aikaci. Ranar da aiki ya tafi, kason kamfanin ya tafi.

Babu wata majalisa da ta zauna ta tsara hakan tun farko. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya bunƙasa shi. A 1942 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta taƙaita ƙarin albashi don kada farashin kaya ya tashi. Maza sun tafi fagen daga, masana'antu na neman hannu ido rufe, ga shi an hana su zawarcin ma'aikata da kuɗi. Sai suka koma yi musu alkawarin biyan kuɗin asibiti, hukuma kuma ta ce wannan ba ya cikin albashin da aka taƙaita. A 1954 dokar haraji ta tabbatar da cewa abin da kamfani ya kashe wa ma'aikaci a inshorar lafiya ba a cire masa haraji. Daga nan dabarar lokacin yaƙi ta zauna daram, domin kamfani ya ci riba, ma'aikaci ya ci, masu sayar da inshora su ma sun ci.

An yi yunƙurin bin wata hanyar. A 1945 Shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshorar ƙasa ta kowa da kowa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi masa ca, ta zuba kuɗi a talla tana cewa gurguzu ake son shigowa da shi, a daidai lokacin da tsoron Tarayyar Sobiyet ya cika zukata. Shirin ya mutu, alhali Birtaniya ta buɗe hukumarta ta kiwon lafiya, NHS, a 1948. Sai a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya samu nasarar kafa Medicare domin 'yan shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin marasa ƙarfi. Shugaba Bill Clinton ya sake gwada kafa inshorar kowa da kowa a 1993, shirinsa ko ƙuri'a bai kai ga samu ba a zauren majalisa.

A Maris 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Obamacare. Ba ta rushe tsarin wurin aiki ba, faci ta yi masa. Ta hana kamfanonin inshora ƙin karɓar mutum saboda yana da tsohon ciwo kamar sukari ko hawan jini, ta bar yara a inshorar iyayensu har shekara 26, ta wajabta wa kamfani mai cikakkun ma'aikata 50 ko fiye ya yi musu inshora ko ya biya tara, ta kuma tallafa wa masu saye da kansu. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023. Duk da haka wannan kashi 8 ɗin mutum ne kusan miliyan 26. A 2017 saura ƙiris 'yan jam'iyyar Republican su soke manyan sassan dokar, ƙuri'ar Sanata John McCain na cikin ƙuri'u uku na 'yan jam'iyyar da suka hana.

To, a ina aka rabu? Masu son inshorar kowa da kowa, irin su Sanata Bernie Sanders, suna cewa Amurka ta kashe kusan dala tiriliyan 5 a harkar lafiya a 2023, sama da kashi 17 cikin ɗari na arzikin da take samarwa, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma mutanen Kanada da Faransa da Japan sun fi Amurkawa tsawon rai. Suna cewa mutum kan maƙale a aikin da ba ya so saboda matarsa na shan magani, kuma bashin asibiti na durƙusar da gidaje. Masu adawa, galibinsu 'yan Republican da wasu 'yan Democrat, suna cewa haraji zai tashi, gwamnati za ta riƙa yanke wa likita da majiyyaci hukunci, sannan za a raba miliyoyin mutane da inshorar da suke jin daɗinta. Suna nuni da Ingila, inda jerin masu jiran aikin asibiti ya haura miliyan 7 a 2023. Har wasu ƙungiyoyin ƙwadago na ɗari-ɗari, domin sun sha haƙura da ƙarin albashi don samun inshora mai kyau.

Ki lura, Malama, asibitin Ingila ma ba kyauta ba ne, da haraji ake biya. Kuma ba ita kaɗai ce hanya ba. Jamus, wadda ta fara inshorar ma'aikata tun 1883 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, har gobe ma'aikaci da kamfani ne ke haɗa kuɗin, amma wanda ya rasa aiki ba ya rasa magani. Ashe gardamar duka a kan abu biyu take: wa zai biya, kuma wa za a bari a waje.

Shi ƙanin naki kada ya zauna. Doka ta ba wanda ya rasa inshorar aiki kwana 60 ya yi rajista a kasuwar sayen inshora ta Obamacare. Idan tsohon kamfaninsa na da ma'aikata 20 ko fiye, dokar COBRA ta ba shi damar ci gaba da tsohuwar inshorar har wata 18, sai dai shi zai biya duka. Ya kuma bincika ko yaran sun cancanci Medicaid ko shirin yara na CHIP a jiharsa.

Mu ma darasin ya shafe mu. Inshorar lafiya ta Najeriya da ta fara aiki a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya ta soma, alhali mafi yawanmu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su da takardar albashi. Dokar 2022 ta wajabta inshorar ga kowa, amma har yanzu yawancin kuɗin magani daga aljihun majiyyaci yake fita. Ra'ayinmu shi ne, ciwo ba ya tambayar mutum inda yake aiki, don haka bai kamata magani ya tambaya ba. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi yadda zai shigar da manomi da mai tuƙa Keke Napep da mai sayar da ƙosai cikin inshora, da kuma inda kuɗin zai fito.