Darasi na 14: Ruwa mai motsi da ruwa kwance

Mu lura

Da damina ruwa yana taruwa cikin tabkuna na Dallol Mawri, daga Matankari har Dogon Dutsi da Tibiri. Iska tana kaɗa shi, ruwan sama yana zuba bisa kansa. Kifi yana yawo cikin nishaɗi.

Da bazara, cikin watan Afrilu da Mayu, tabkin da bai ƙafe ba yana raguwa. Ruwan ya yi zafi, ya yi kore, ya kwanta shiru. In kun je bakinsa da asuba, kuna iya ganin kifi a saman ruwa yana buɗe baki. Wani lokaci ma a tarar da kifaye da yawa sun mutu dare ɗaya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, me ya kashe su?

Kifi yana numfashi

Cikin iskar da muke shaƙa akwai wani kashi mai suna oksijan. Shi ne kashi 21 cikin 100 na iska. Ba mai rai da jini da zai rayu ba shi. Kifi ma yana bukatarsa, amma cikin ruwa yake samunsa. Yana haɗiyar ruwa ta baki, ruwan ya bi ta jajayen ganyayyakin nan na gefen kansa, su tsotse oksijan.

Oksijan na cikin ruwa kaɗan ne. Litar 1 ta iska ta fi litar 1 ta ruwa oksijan kusan sau 30. Kuma ruwan zafi bai riƙe shi kamar ruwan sanyi. A zafin digiri 20, litar 1 tana riƙe miligaram 9. A digiri 30, wajen miligaram 7 da rabi kawai.

Ta saman ruwa oksijan ke shiga. In ruwa yana motsi, na sama ya nutse, na ƙasa ya taso ya sha iska. In ya kwanta, na ƙasa ya rasa. Gansakuka tana ba ruwa oksijan da rana, amma da dare ita ma cinsa take yi. Shi ya sa asuba ce lokacin wahalar kifi. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska a sarari. Gaiwa tana shiga laka ta jira damina. Karfasa ba ta da wannan dabara.

Dabbar da ba ta tafiya

Kifi yana iya gudu ya nemi ruwa mai kyau. Amma akwai dabbar ruwa da ba ta gusawa ko taku ɗaya. Kun san sunanta: murjani.

Murjanin da iyayenmu mata suke sawa a wuya ba dutse ba ne tun asali. Na ainihi ƙashin wasu ƴan ƙananan dabbobi ne na teku. Jan murjani daga Bahar Rum yake fitowa, kuma fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi.

Cikin teku mai ɗumi akwai danginsa masu gini. Suna zaune dubu-dubu wuri ɗaya, suna tara ƙashi bisa ƙashi har ya zama tudu. Akwai irin waɗannan tuddai cikin Bahar Maliya, kusa da Jidda inda alhazai ke sauka. Mafi girma yana gefen ƙasar Ostaraliya. Tsawonsa ya kai kilomita 2300.

Murjani yana manne wuri ɗaya duk rayuwarsa. Igiyar ruwa ce baransa. Ita ke kawo masa abinci da oksijan. Ita ke share masa dauɗa da yashi. Igiyar ruwa kuwa ba gefe ɗaya take bi ba: ta je, ta dawo, ta je, ta dawo.

Teku cikin akwati

A wasu ƙasashe mutane suna kiwon murjani cikin akwatin gilashi. Ana yin haka cikin gidaje, da kuma manyan gidajen kallo kamar na birnin Monako, wanda aka buɗe a 1910. Ana zuba ruwan gishiri, wajen garam 35 cikin kowace litar. Ana sa fitila mai haske ƙwarai. Ana tsare zafin ruwan wajen digiri 25.

Duk da haka, in ruwan bai motsa ba, murjanin zai mutu. Dauɗa ta rufe shi, numfashi ya gagare shi.

In an sa famfo ɗaya mai tura ruwa gefe ɗaya kullum, aikin bai cika ba. Gefen da ruwa ke duka yana iya ciwo. Bayansa kuma ruwa ya kwanta, dauɗa ta taru a lungu.

Don haka aka ƙera injin igiyar ruwa. Ana manna ƙananan farfela biyu cikin akwatin, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wata na'ura mai aiki da lantarki tana ba su umarni. Ta dama ta juya, ta tsaya; ta hagu ta karɓa. Kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya: wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke. Ruwa ya riƙa kai da komo kamar na teku. Kowane gefe na murjani ya sami rabonsa.

Mai kiwon kifi a garinmu ba ya bukatar wannan inji, amma darasin ɗaya ne. In ya ga kifi a sama da asuba, sai ya kaɗa ruwan, ko ya zubo sabo daga bisa don ya fantsama. Ya rage abinci ranar nan. Kada kuma ya cika kifi fiye da kima.

Mu gwada

1. Ku cika tasa babba da ruwa. Ku zuba yashi kaɗan a tsakiya.
2. Yaro ɗaya ya riƙa tura ruwa da murfin kwano daga gefe ɗaya. Ina yashin ya taru?
3. Yara biyu su zauna suna fuskantar juna, su riƙa turawa bi da bi. Me kuka gani?

Tambayoyi

1. Ta ina oksijan ke shiga ruwa?
2. Don me kifi ke tasowa sama da asuba?
3. Wane aiki igiyar ruwa ke yi wa murjani?
4. Don me farfela biyu suka fi famfo ɗaya?
5. Ku tambayi wani masunci sunayen kifayen tabkin da ke kusa da ku. Ku rubuta su da Hausa da Faransanci.

Mu riƙe

Dabbobin ruwa suna numfashi da oksijan. Ruwa mai motsi yana shan iska, yana kawo abinci, yana kwashe dauɗa. Ruwa kwance mai zafi yana kashe kifi.