Aikin hannu: ƙullin ado a kan katako

Garin Dakoro yana arewacin jihar Maraɗi, kusa da kwarin Tarka. Manoma da makiyaya ne ke zaune a wannan ƙasa. Babu gidan da ba a aiki da igiya. Da ita ake jan guga daga rijiya mai zurfi. Da ita ake ɗaure akuya a turke, a yi wa jaki dabaibayi, a yi wa raƙumi akala. Fulani suna jera maruƙa a dangwali. Mata suna rataye ƙwarya a ragaya.

Igiya iri-iri ce. Akwai ta kaba, wadda ake samu daga goruba. Goruba tana da yawa a Gulbin Kaba, wajen Mayahi. Akwai ta rama, da ta ɓawon kuka, da ta fata. Akwai kuma ta nailan, wadda ake saye a kasuwa.

Mai tufka ba ya barin igiyarsa ta yi sako-sako. Yakan riƙe ta da babban yatsan ƙafa, ko ya ɗaure ta a turke, sannan ya ja. Idan igiya ba ta miƙe ba, wani wuri zai yi kauri, wani ya yi siriri. A wurin sirantar nan take tsinkewa. Ƙullin ado ma haka yake. Katako mai ƙusa biyu shi ke yin aikin turke: yana riƙe igiya a miƙe, yana kuma tsare awo.

Igiyar laima

An ƙago nailan a Amurka a shekarar 1935. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, sojojin Amurka sun yi amfani da igiyar nailan a laimar da suke dira da ita daga jirgin sama. Shi ya sa ake ce mata igiyar laima. Kaurinta kamar milimetir 4 ne. A cikinta akwai zare 7, an lulluɓe su da saƙaƙƙiyar riga. Ta ainihi tana ɗaukar nauyin kusan kilo 250 kafin ta tsinke. A shekarar 1997, ƴan sama jannati sun yi aiki da ita wajen gyaran na'urar hangen taurari mai suna Hubble.

Wanda bai samu igiyar laima ba, sai ya yi da kowace siririyar igiya mai laushi.

Kayan aiki

Katako mai tsawon santimetir 30, ƙusa 2, guduma, sandar awo, almakashi, zare, ashana, da igiya metir 2 da santimetir 60.

Shirya katako

Za a yi awarwaron igiya na sa wa a hannu. Da fari, a kewaya wuyan hannu da zare, a auna zaren. A ce an samu santimetir 16. A ƙara santimetir 2, domin ƙulli yana da kauri. Ya zama 18. Idan ba a ƙara ba, awarwaro zai matse hannu.

A sa alama biyu a kan katako, tsakaninsu santimetir 18. A kafa ƙusa a kowace alama. Kada a nutsar da ita duka.

A yanki igiya santimetir 60. Wannan ita ce uwa. A ninka ta biyu, a rataya ninkin a ƙusar sama. A jawo bakin biyu zuwa ƙusar ƙasa, a haɗa su, a yi musu ƙulli ɗaya babba a bayan ƙusa. Uwa ta miƙe sosai kamar tsirkiyar baka. Wannan babban ƙulli shi ne zai zama maɓalli.

Sauran metir 2 ita ce igiyar saƙa. A zura ta ƙarƙashin uwa, santimetir 2 daga ƙusar sama. A daidaita ta: metir 1 a hagu, metir 1 a dama. A shafa tawada a bakin na hagu don a riƙa gane shi.

Yadda ake ƙulli

1. A ɗauki mai tawada, a gitta ta bisa uwa zuwa dama. A bar ɗan kunne a hagu.
2. A ɗauki ta dama, a ɗora ta bisa mai tawada, a bi da ita ƙarƙashin uwa, a fito da ita ta cikin kunnen hagu.
3. A ja bakin biyu da ƙarfi ɗaya. An yi rabin ƙulli.
4. Yanzu mai tawada tana dama. A sake gitta ta bisa uwa zuwa hagu, a bar kunne a dama.
5. A ɗora ɗayar bisanta, a bi ƙarƙashin uwa, a fito ta kunnen dama, a ja. Ƙulli ya cika.

Haka za a yi ta yi har a kai ga babban ƙulli. Bayan kowane ƙulli, a tura shi sama da yatsa ya manne wa ɗan'uwansa.

Ƙa'ida ɗaya ce: kullum mai tawada ce ke bi ta sama. Idan aka manta, aka riƙa farawa daga gefe ɗaya kawai, saƙa za ta murɗe kamar ƙahon rago. Sai a warware zuwa inda aka yi kuskure, a sake. Sannu ba ta hana zuwa. Turawa suna kiran wannan saƙa da sunan gamsheƙa.

Gamawa

A yanke bakin biyu, a bar rabin santimetir. Malami ne zai kunna ashana ya narkar da bakin, ya danna shi da gindin ƙusa. Nailan da ya narke yana manne wa fata, yana ƙuna ƙwarai. Igiyar rama da ta auduga ba sa narkewa. Su sai a cusa bakinsu cikin saƙa, a ɗinke da allura.

A zare aiki daga ƙusa. A sa babban ƙulli cikin kunnen sama. Awarwaro ya samu.

Amfaninsa

Wannan awarwaro ado ne, kuma ajiya ce. Yaro mai kiwo yana tafe da igiya kusan metir 2 a hannunsa. Idan takalminsa ya tsinke a daji, ko igiyar gorarsa ta yanke, sai ya warware ya ɗaure. Da irin wannan saƙa ake yin marikin makulli, da maratayin wuƙa. Katako ɗaya ya isa a yi guda da yawa masu awo ɗaya, a kai kasuwa.

Amma a kula. Ba a shiga rijiya da wannan igiya, ba a hawa itace da ita. Ba kowace igiyar kasuwa ke da ƙarfin ta ainihi ba, kuma kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya. Ba a sa wa ƙaramin yaro ita a wuya.

Tambayoyi

1. Da me da me ake yin igiya a ƙasar Dakoro?
2. Wane aiki ƙusoshin katako suke yi?
3. Don me ake ƙara santimetir 2 a kan awon hannu?
4. Me ke sa saƙa ta murɗe?

Lissafi

Saƙa mai tsawon santimetir 1 tana cin igiya santimetir 12. Igiya nawa ake bukata don saƙa mai santimetir 15? Aji mai yara 40 yana bukatar metir nawa?

Aiki

A tambayi wani mai tufka a unguwa sunayen ƙulli uku da amfaninsu. A rubuta su da Hausa, a nemi sunayen kayan aiki da Faransanci.